Cocin Turai ya zama gidan haya, mu kangonmu wa zai shiga?

 

Kwanakin nan akwai wasu hotuna da ke yawo a WhatsApp, na san da yawanku sun gani. Coci ne ƙato a wani birnin Turai, ga hasumiya, ga tagogi masu launi, amma ciki sai ka ga gado da kicin da kujerun falo. An yanka shi ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Wanda ya turo kuma sai ya rubuta a ƙasa: ga shi nan, addininsu ya mutu. Jama'a na ta dariya, ana turawa gaba. Ni dai abin bai ba ni dariya ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don minti 15 na shirin rediyo ba za su ɗauki wannan magana ba.

Fari dai, hotunan ba ƙarya ba ne. A Ingila, cocin Angilika yana da gine-gine wajen 16,000, kuma kusan kowace shekara sai an rufe kamar 20 daga ciki. A Holan, a garin Mastirik, akwai cocin da aka gina tun ƙarni na 13, amma tun 2006 littattafai ake sayarwa a cikinsa. Jamus, Beljiyam da Kebek ta Kanada duk kanwar ja ce. Dalilin kuwa a hili yake. Masu zuwa ibada sun ragu, waɗanda suka saura yawancinsu tsofaffi ne, mutanen tsakiyar birni kuma sun ƙaura bayan gari. Shi gini bai san an ragu ba. Rufi zai yi yoyo ko da mutum biyar ke shiga, kuma a ƙasar sanyi sai an kashe kuɗi an ɗumama wannan ƙaton ɗaki kafin a zauna ciki. Mu da muka yi lakwal an karantar da mu dokar Faransa ta 1905 wadda ta raba gwamnati da addini. Abin da ba a cika faɗi a aji ba shi ne, majami'un da aka gina kafin wannan shekara, sama da 40,000, mallakar ma'aikatun magajin gari ne. Ke nan ƙauyen da bai kai Yekuwa yawan jama'a ba, sai ka tarar da nauyin ginin dutse mai shekara 500 a wuyansa.

Kuma ba a wayi gari haka kawai a kafa gado a coci. A wajen 'yan Katolika sai bishop ya yi shawara da fada-fadansa, ya sa hannu cewa an daina ibada a wurin, a kwashe kayan ibadar, sannan dokarsu ta ce ko me za a mai da shi, kada ya zama wurin ƙazanta. A Faransa sai perefe ya sa hannu, bayan masu addinin sun rubuta cewa sun yarda. Ba ko'ina ake kiyayewa ba, akwai waɗanda suka ƙare mashaya da gidan rawa, wannan ma gaskiya ne. Amma ku riƙe kalmar nan ta yarda, don za mu dawo kanta.

Akwai wani gini a unguwar Birik Len ta birnin Landan da nake so ku sani. A 1743 Kiristocin Faransa 'yan gudun hijira suka gina shi majami'a. Da suka watse cikin gari, ya bi hannu-hannu, a 1898 ya zama wurin ibadar Yahudawa. Su ma suka yi arziki suka bar unguwar, mutanen Bangaladash suka cika ta, a 1976 ya zama masallaci, kuma har gobe ana salla a ciki. Ba wanda aka kora, kowane sauyi ciniki aka yi. A Hambug ta Jamus ma Musulmi sun sayi wani coci da aka daina amfani da shi, suka gyara, aka buɗe shi masallaci a 2018. To ku gwada wannan da masallacin Kecawa na birnin Aljas. Bayan Faransawa sun ci garin a 1830, da ƙarfin bindiga suka ƙwace shi suka mai da shi babban coci. Sama da shekara 100 mutanen Aljeriya na haɗiye abin, suna samun 'yanci a 1962 suka karɓe kayansu. Abin da aka ƙwace da ƙarfi, ko jikoki ba sa mantawa.

Sai kuma tambayar da masu dariya ba su yi ba: wa ke shiga waɗannan gidaje? Yawanci ba talaka ba ne. Gyaran irin wannan gini ya fi sabon gini cin kuɗi, ga doka ta hana a taɓa fuskar ginin, don haka ɗan kasuwar da ya saya sai ya yi ɗakunan ƙawa ya sayar wa masu hali. Mai kwana a bakin titi yana nan a ƙofar cocin kamar da, sai dai yanzu an sa mai gadi. Shi kansa Fafaroma Faransis, a watan Satumban 2013, ya tsawata wa mutanensa a Roma cewa gidajen fada-fada da sistoci da suka zama wofi ba na mai da su otal a ci riba ba ne, 'yan gudun hijira ya kamata a sa a ciki. A jahar Kalifoniya ta Amurka kuma, a 2023 aka yi dokar da ta sauƙaƙe wa wuraren ibada gina gidaje masu rahusa a filayensu. Su can gardamar da suke yi ke nan: ginin da aka yi don Allah, idan ya tashi daga aikinsa na fari, mai kuɗi zai gada ko mabuƙaci?

To mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, har da tsaki.

Ku tuna daminar 2024. Alƙaluman da gwamnati ta bayar da kanta sun ce ambaliya ta kashe mutum 396 a ƙasar nan, ta shafi sama da mutum miliyan 1 da rabi, gidaje sama da 158,000 suka faɗi. Jahar Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ina aka kai waɗanda ɗakunansu suka zube? Aji. Aka jera tabarmi tsakanin tebura, aka kafa murhu a gindin allo, mata na shanya a tagar kilas. Har ta kai an ɗage rantire daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne jama'a na zaune cikin makarantu. Wato mu ma muna mai da gini gida, ba sai Turawa ba. Bambancin kawai, su sun ɗauki ginin da ba kowa ciki, da takarda da shiri. Mu kuma muka ɗauki ginin da yaranmu ke buƙata, cikin dare, ruwa na dukanmu. Da rantire ta zo kuma aka ce su tashi. Su tahi ina? Wannan tambaya na ji ta a waya daga bakin masu saurare har na gaji da rashin amsa.

Mu fa ba mu da matsalar Turai ta ƙarancin mutane. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magariya mutum 577,743, Dungas kuma, wadda aka yanke daga Magariya a 2011, ta samu 353,867. Yau shekara nawa ke nan, kuma kun san yadda ake suna a garuruwanmu. Gona ta tsuke, filin gida ya tsuke, gidan gado da mutum ɗaya ya bari yau magada 20 ke kallonsa. Masu neman ɗaki kuwa ba sai an yi ambaliya ba. Akwai matar da aka saka, gidan ubanta ya cika da matan ƙannenta. Akwai wadda aka kwaso daga Aljeriya, ko daga Dakar kamar yadda aka yi a watan Maris na 2022, aka sauke ta da yara huɗu, ta tarar ɗakinta ya zama kango. Akwai malamin kwantiragi da aka tura ƙauye, ya kwana wata biyu a ofishin darakta. Akwai almajirai a zaurukan mutane. Akwai kuma masu jinya: a 2018 likitocin MSF sun ba da labarin cewa lokacin zazzaɓin damina yara sama da 700 ke kwance a sashen yara na asibitin Magariya lokaci guda. Kowane yaro da uwarsa, wata da kakarsa, wani uban ya biyo su daga ƙauye mai nisa ba shi da kowa a gari.

Yanzu bari in taɓo inda ke da ƙaiƙayi, don na san akwai wanda tun da ya fara karatun nan zuciyarsa ke kan filin cocin garinsu. Malam, sauke wannan tunani. Majami'un jaharmu ba rashin masu ibada ya taɓa wofintar da su ba, wuta ce. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), aka fito zanga-zanga a Damagaram, aka ƙona majami'u, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa, mutum 5 suka mutu. Washegari abin ya koma Yamai, 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta, wasu mutum 5 suka sake mutuwa. Ɗaruruwan Kiristocin Damagaram a barikin soja suka kwana. Zanen ya yi mana ciwo mu duka, ba mai musu. Amma wanda ya zana yana Paris, wanda aka ƙona wa wurin ibada kuma ɗan Nijar ne, Hausa yake ji, tuwon hatsi yake ci, tare muke layin famfo. A watan Yunin 2019 ma an sake ƙona wani coci a Maraɗi, kan rikicin da ke tsakanin malamai da gwamnati, wanda ba ruwan Kirista a ciki.

Kiristocin ƙasar nan ba su kai 1 cikin 100 ba, kuma ba jiya suka zo ba. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram tun 1924, har nan Dungas ta kafa zango, kuma asibitin Galmi da ta buɗe a 1950 ba wanda zai ce bai san wani nasa da aka yi wa aiki a can ba. Wanda yake ɗan kaɗan a gari, idan aka ce mishi "ka yarda?" alhali yana tuna hayaƙin 2015, to ba yarda ba ce zai yi, tsoro ne. Saboda haka duk wanda ya ɗauki rubutun nan ya je majalisa ya ce mai rediyo ya ce a raba filin coci a yi gidaje, ban faɗa ba, kuma ban yafe ba. Idan su da kansu suka ga wani tsohon gininsu ya fi ƙarfinsu, suka mai da shi masaukin ɗalibai ko suka ba da haya, dukiyarsu ce. Mu da muke da yawa, namu aikin shi ne mu dubi namu kangon.

Namu kuwa yana da yawa, sai dai ba mu son a ambata. Ku zaga unguwanninmu da asuba. A wani layin masallaci uku ne, kowane liman na jin karatun ɗan uwansa a lasifika, kowane kuma sahu ɗaya bai cika ba. Wani an gina shi don jama'a sun yi yawa, madalla. Wani kuwa an gina shi ne don an yi saɓani kan limanci, ko don wane ya ce ba ya bin wane salla, ko don Alhaji ya dawo daga Legas yana son a ga nasa a ƙofar gida. A bakin hanya kuma ka ga wanda wata ƙungiyar agaji ta gina da fenti mai kyau, nesa da gari, ƙofa ta ɓalle, awaki ke sheƙa barci a ciki. Dokar tsara harkar ibada da majalisa ta amince da ita a watan Yunin 2019 ta ce sai da izini za a gina wurin ibada, amma izinin hukuma ba ya tambayar ko unguwar ta fi buƙatar wani abu daban.

Kada wani ya ce na ce a mai da masallaci gidan haya. Ba zai yiwu ba, kuma ba ni ke da hurumin faɗi ba. Mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san hubusi ba a sayar da shi ko da ya rushe. Sassaucin da malamanmu suka yi kaɗan ne, kamar idan za a faɗaɗa masallacin Juma'a, ko hanya, ko maƙabarta. Malaman Hambaliyya su ne suka buɗe ƙofar musanya, suna kafa hujja da abin da ya faru a Kufa zamanin Sayyidina Umar, inda ya sa aka ɗauke masallaci zuwa wani wuri, tsohon wurin ya zama kasuwar masu dabino. Wannan gardamar malamai ce, ni ɗan jarida ne, na bar musu. Amma ga abin da ya dame ni a ciki: tunda mun san abin da aka kira masallaci ya zama masallaci har abada, ba a sayarwa, ba a canzawa, ashe sai a yi dogon tunani kafin a aza tubalin fari. Bature ya gina da yawa lokacin da yake cika su, yau jikokinsa na neman yadda za su yi da su, amma su aƙalla dokarsu ta ba su mafita. Mu tamu ba ta ba mu ba. Masallacin da aka gina don gaba da maƙwabci, jikoki za su gaji rufinsa da yoyonsa, su kasa gyarawa, su kasa rushewa.

Alhaji, ranka ya daɗe, da kai nake. Kowa ya san hadisin ladar gina masallaci, ba mai ja da shi. Amma waƙafi ai bai tsaya ga masallaci ba. Sayyidina Usman rijiya ya saya ya bar wa jama'a. Sayyidina Umar gonarsa ta Haibara ya tsayar, amfaninta na zuwa ga mabuƙata da matafiya. A masallacin Madina kansa akwai rumfar da talakawan sahabbai marasa gida ke kwana, su ne ake kira Ahlus Suffa. Kusa da mu ma, tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiyarsu aka gina makaranta da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu, kuma a Azhar an daɗe da sanin sashen kwanan ɗaliban Barno. Damagaram kuwa kowa ya san tsohuwar alaƙarta da Barno. Kakanninmu na nan gida ma ba su yi sake ba: kowane babban gida da zaurensa na baƙi, kowane gari da zangonsa, unguwar Zango ta Damagaram ai sunanta ya faɗi aikinta. Yaushe muka tsuke sadaka mai gudana ta koma hasumiya da lasifika kaɗai?

Kuɗin masallaci na huɗu a layi ɗaya zai fitar da ɗakuna shida ko takwas masu ƙofa da makewayi. A rubuta su waƙafi: na zawarawa masu marayu, ko na masu jinya kusa da asibiti, ko na malaman da aka turo ƙauye. Filin da ke jikin masallatan Juma'a da yawa, wanda ba a cikin wurin salla yake ba, ana iya tambayar malamai ko ya halatta a yi irin wannan a kansa, ko shaguna da hayarsu za ta riƙe liman da ladan da gyaran rufi. Ƙasar nan tana da dokar waƙafi tun 2019, har da hukumar da aka kafa dominsa. A Yamai ake jin ɗuriyarta. Mu nan sai dai a rediyo, rediyon ma sai in mu muka karanto.

Sai babban mai kango, wato gwamnati. Yankin nan ƙasar gyaɗa ce a da. Tsofaffi na ba da labarin zamanin SONARA, wadda aka kafa a 1962, da masana'antar man gyaɗa ta SEPANI a nan Magariya, da irinta a Matamai, da dalar buhuna a bakin kasuwa. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya wannan kasuwa. Daga baya kowane zamani ya zo da nasa gini: mangazar koperatif, bankin hatsi, ofishin furoje da ya ci shekara biyar ya nannaɗe tabarmarsa, gidan ma'aikaci da aka daina shiga don sabon mai muƙami ya fi son haya a cikin gari. Ba sai na nuna da yatsa ba, kowane gari ya san nasa. An kulle da kwaɗo, makullin na aljihun wanda aka yi wa canjin wurin aiki tun shekara goma. Ɓarayi sun cire tagogi, iska ta ɗauke tol, yara sun mai da wurin bayan gida. Waɗannan ba hubusi ba ne, ba wurin ibadar kowa ba ne, babu fatawar da ake jira. Abin da ya hana a gyara su kafin damina a ajiye don ranar ambaliya, maimakon a kori yara daga aji, shi ne ba wanda ya ɗauki biro ya ƙirga su.

Kuma gini ba ya jira. Ranar 3 ga Satumban 2024 ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, wanda bayan na Agadas ba wanda baƙi suka fi ziyarta kamarsa a ƙasar nan. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, ana fatan a sa su cikin kayan tarihin duniya. Wannan fa gini ne da kowa ke so, ana salla a cikinsa, ana alfahari da shi, amma ya zube muna kallo a waya. To ina ga wanda ba mai leƙa shi? Cocin Bature na dutse ne, zai yi shekara 30 a rufe yana jiran a gama gardama. Namu na ƙasa ne da azara. Ransa yaɓe ne duk shekara, da mai share indararo kafin ruwan fari, da mai ganin tsaga ya toshe tun tana ƙarama. Kowane magini zai gaya maka ɗakin da ake kwana ciki ya fi wanda aka kulle daɗewa. Damina biyu ko uku ba mutum, gara ta ci azara, rufi ya zauna, shi ke nan sai a sayar da ƙasar ga masu amalanke.

Abin da nake tsoro a wannan shawara tawa shi ne abin da ya samu cocin Turai: a ce don talaka, mai hali ya shige. Mun ga yadda lotisma ke tahiya. A yanka fili a ce na jama'a ne, kafin talaka ya ji labari parsal goma na hannun mutum ɗaya. Idan aka ce yau za a ba da tsohuwar mangaza, gobe za ka ji wani babba ya saye ta a kuɗin akuya, ya zagaye da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe. Shi ya sa ban ce a sayar ba. A bar ginin a hannun ƙaramar hukuma ko a rubuta shi waƙafi, a sa sharaɗin wa zai zauna da tsawon zaman, a kafe takardar a bainar jama'a. Tun dokar ƙasa ta karkara ta 1993 muna da kwamitocin filaye, Kofo, daga gunduma har ƙauye, sarakuna na ciki. Aikinsu ke nan su rubuta. Waƙafin baka kuwa, ranar da mai shi ya rasu, magada za su ce ba su ji ba, kuma kun san shari'ar fili a yankin nan ba ta ƙarewa sai ta cinye filin.

Akwai masu cewa idan ka ba mutum ɗaki kyauta ba zai fita ba. Gaskiya ne, yana faruwa, ko a gidan gado ma haka ne. Amma wanda ke kwana a aji ma ba da son ransa ya fita ba, kuma da shi da yaran da suka rasa kusan wata guda na karatu duk namu ne. Wa'adi a rubuce, da mai unguwa da liman a matsayin shaidu, ya fi kwaɗo mai tsatsa. An rage kuɗin siminti a watan Oktoban 2024, an gode, amma wadda ba ta da fili ina za ta kai buhun?

Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ke riƙe da su, babu kansilan da za mu tare a kasuwa mu tambaya. To ranku ya daɗe kantomomin Magariya da Dungas, tambayar a gare ku take: gini nawa na hukuma ke kulle a ƙasarku, wa ke riƙe da makullin, kuma guda nawa za a iya rufawa a sa wa ƙofa kafin hadarin fari? Ku kuma jama'a, wanda ya san irin wannan gini a garinsu ya rubuto sunan garin da unguwar da abin da ginin yake a da. Kada a sa sunan mutum, kada a sa wurin ibadar kowa. Abin da ya taru zan karanta shi a shirin ranar kasuwa, in kuma kai kwafi ofishin perefe da hannuna.